Silin Gashin da Adda Ta Ƙona

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni matar aure ce mai 'ya'ya ƙanana, haifaffiyar Rano, aure ya kai ni Kibiya. Ina da keken ɗinki a ɗakina, ina yi wa matan unguwa riguna da kayan yara, ina kuma kiwon tumaki a bayan ɗaki. Maigidana da an gama kaka yake tafiya Kudu ci-rani, sai damina ta kusa ya dawo, don haka rabin shekara daga ni sai surukata, wadda kowa ke kira Hajiya, kuma tsakani da Allah ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Ban rasa ci ba, ban rasa sutura ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai tun ina yarinya, na san wasu masu karatu za su yi dariya, wato gashi. Allah bai ba ni gashi ba. Yayyena har tsokanata suke yi wai kaina kamar gonar da fara ta sauka. Ni kuma ba a bar ni a baya ba wajen baki, ina ramawa har da ƙari, amma in na shiga ɗaki na kalli madubi abin yana cina. Ko a gidan miji ɗankwali ba ya barin kaina. Hajiya kanta, saboda kunyar surukuta, ta yi shekaru ba ta ga tsakar kaina ba.

Mutum ɗaya ce ta san kaina ciki da bai, mai kitsona. Bafulatana ce da ta girme ni, duk unguwa Adda muke ce mata. Mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ba ta koma ruga ba, ta zauna cikin gari tana ciyar da su da kitso. Hannu gare ta, ko gashin da ya fi nawa gajarta sai ta kama shi ta zauna da shi lafiya, ba ja, ba ciwon kai. Ba ta da yawan magana, in ta sa kanki tsakanin gwiwoyinta sai dai ki ji tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Akwai kuma wata ɗabi'a tata da ta sa mata suka yarda da ita. Kun san mu nan ba a wasa da gashin da ya zuba wajen tsifa, tun muna yara iyaye ke gargaɗinmu kada mu bar shi a ƙasa, don da shi mugu ke yi wa mutum aiki. Wata ta tura nata a tsagar katanga, wata ta binne, wata ta jefa a masai. To Adda duk ranar da ta gama miki kitso, sai ta tsince abin da ya zuba tas, har wanda ya maƙale a mataji da bakin kibiyar tsifa, ta murza shi ya dunƙule, ta kamo hannunki ta sa miki a tafi. Ba ta taɓa mantawa ba, ko sau ɗaya.

Ana haka aka sa bikin ƙanen maigidana, amaryar kuma 'yar birni ce. Ƙanwar mijina da ke aure a Kano ta zo da wuri don shirye-shirye. Ita mace ce mai saye da sayarwa ta waya, yau turare, gobe mayafi. Wata rana tana ɗakina ina gwada mata anko, sai ɗankwalina ya zame. Ta kalli kaina ta kama baki, ta ce haba matar yaya, da wannan kan zan shiga cikin dangin amarya, matan da in sun zauna ɗaki ɗaya kowa ke cire kallabi tana shan iska? Ta rufe ƙofa, ta buɗe jakarta ta ciro wani gashi a cikin leda mai ƙyalli, baƙi wuluk, mai santsi, har yana sheƙi. Ta ce wannan ba irin gashin dokin da ake ratayewa a kasuwa ba ne, gashin mutum ne na gaske daga Indiya, ana wanke shi, ana taje shi, ana shekara da shi. Da ta faɗi kuɗinsa sai da na dafe ƙirji. Ta yi dariya ta ce ai araha ba ta ado, tsadar nan ita ce shaidarsa. Ni kuma wawuya na ɗauki tsada a matsayin shaida. Ban san yadda ake gane na kirki ba, ban tambayi kowa ba, domin abin ba na tambaya ba ne: na sha ji a Islamiyya cewa malamai sun hana ƙarin gashi, na kuma san in maigidana ko Hajiya suka ji, kashina ya bushe. Ranar kasuwa na sa aka kai tunkiyata mai ciki aka sayar, na ce wa Hajiya zan gyara keke ne in saro yadi.

Da na kai wa Adda maganar ta ƙi. Ta ce ita ba ta taɓa ɗora wa kowa gashin wani ba, in bari ta yi mini ƙananan kalaba da man shanu, zan fita kunya. Na yi magiya, na yi fushi, na ce mata ita da Allah ya ba gashi har gadon baya ina za ta san abin da ke damuna. Wannan maganar ce ta karya ta. Ta ce to, za ta yi sau ɗaya. Kafin ta fara sai da na sa ta rantse cewa ba za ta faɗa wa kowa ba, ko mijina, ko Hajiya, ko da wuƙa aka sa mata a wuya. Ta ce ƙanwata, amana ce, ta ɗauka. Na zaɓi ranar da Hajiya ta tafi Rano gayyatar dangi, muka zauna a tsakar gida. Tun da ta buɗe ledar na lura ta tsaya tana murza gashin tsakanin yatsunta, ta kai shi hanci, ta ja shi, ta dube ni, ta tambaye ni wa ya sayar mini. Na ce ƙanwar mijina ce, na kuma faɗa mata tunkiya guda ya ci, ina faɗa ina ɗaga kai. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta rufe, ta ce in juyo.

Da ta gama na ruga ɗaki wajen madubi. Wallahi ban gane kaina ba. Jelar kitso har kafaɗa, ni da ko ƙeya gashina bai taɓa rufewa ba! Na daɗe ina juyi ina murmushi ni kaɗai. Da na leƙo ta labule don in kira ta, sai na hango ta tsugune a bakin murhu, ta juya mini baya. Na ga ta kwance bakin zaninta ta ciro wani abu siriri baƙi, ta ɗora a kan garwashi. Hayaƙi ya ɗan tashi, ta sunkuya ta shaƙa, ta sa tsinke ta taɓa, ta girgiza kai tana magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Sannan ta tura toka ta rufe wurin. Gabana ya ɗan faɗi, amma farin ciki ya danne shi. Na fito, ta miƙe da sauri, ta sa mini dunƙulen gashina a tafi kamar kullum. Tana ɗaukar mayafinta ta ce da an watse daga biki in zo ta kwance mini shi, kada in bari ya daɗe. Na ce me ya sa? Ta ce kawai yana da nauyi.

Biki dai na ci shi. Na ɗaura kallabi na bar jela tana leƙowa, a ɗakin dangin amarya kuwa na cire gaba ɗaya ina firfita da shi. Matan gidanmu suka yi ta mamaki, Hajiya har da tafa hannu, wai ashe haka nake da suma nake ɓoyewa. Na ce ai wani mai ne Adda ta daɗe tana haɗa mini, shi ya fito da shi. Ƙarya ce na yi ta a tsaye, ba tare da na yi tunanin inda za ta kwana ba. Ƙanwar mijina tana gefe tana ƙunshe dariya. Aka watse, ta koma Kano. Adda ta aiko a tuna mini, na ce ina zuwa. Ta sake aikowa, na yi banza da ita. A raina cewa nake, abin da na sayar da tunkiya na saya, aka ce ana shekara da shi, shi zan kwance don an gama biki? Kuma in na kwance in ce wa Hajiya sumar ta tafi ina? Har ta zo da kanta, ta same ni a kan keke, ta ce don Allah in bari ta cire. Nacin nan nata ya fara ba ni haushi, har na fara tambayar kaina me ya dame ta da kaina haka. Na ce mata in baƙin ciki take yi ta faɗa. Ta juya ta fita.

Lokacin bazara ne, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Kai yana rufe cikin ɗankwali dare da rana, in na yi wanka ruwa ya shiga ƙarƙashin kitson ba ya bushewa. Ƙaiƙayi ya fara, ina dukan kai da tafin hannu kamar mai kashe sauro. Daga nan sai ƙuraje a goshi da bayan kunne, sai ciwon kai mai sara, sai wani wari da ni kaina nake ji in na sunkuya. Duk da haka na daure, ina shafa mai ina cewa zafi ne. Ranar da na ga ruwa-ruwa a jikin matashina na san ba lafiya. Na kulle ɗaki na ɗauki kibiya na fara tsifa da kaina. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk jelar da na kwance sai ta taho da nawa gashin tun daga saiwa. Kafin in gama, gaban kaina daga goshi har kusan tsaka ya zama fili, ja-ja-wur, duk gyambo. Ɗan abin da nake rainawa ma ya tafi. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Amma ko a cikin kukan ban manta ba, na tattara gashin kantin na cusa a leda na tura ƙasan adakata.

Kukan ne ya jawo Hajiya. Ta buga ƙofa har na buɗe, ta ga kaina, ta yi salati ta zauna daɓas. Ta ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, akwai hannu a ciki. Mace ta fito da suma har kafaɗa a gaban jama'a, wata bai cika zagayowa ba ta zube tas? Ta tambaye ni ina sumar, na ce na jefa a masai. Ta tambaye ni wa ke taɓa kaina, wa ya taɓa ɗaukar gashina. A nan ne hoton nan ya dawo mini: Adda a tsugune, garwashi, hayaƙi, Fulatanci, toka. Ina so masu karatu su fahimce ni, ba wai na zauna na ƙulla mata sharri ba ne. A wannan lokacin na yarda har zuciyata. Na shiga haɗa abubuwa: me ya sa ta ɓoye sili a bakin zani, ita da ba ta taɓa riƙe gashin kowa ba? Me ya sa ta juya baya? Me ya sa ta miƙe a firgice? Me ya sa take ta nacin in kawo mata kaina? Ko ni ce na ɓata mata rai da maganar gadon baya? Duk abin da na tuna sai ya zauna daram a inda zargi ke so. Gashin da ke ƙasan adaka kuwa ban ko sa shi a lissafi ba, ai mai tsada ne, na gaske ne, yaya za a yi ya cuce ni? Na faɗa wa Hajiya abin da na gani a bakin murhu. Abu ɗaya na rage, ban ce mata an yi mini ƙari ba.

Hajiya ba ta iya riƙe magana ba, balle irin wannan. Kafin la'asar an ji a bakin famfo. Washegari ta tara dattawan mata na unguwa a tsakar gidanmu, aka aika aka kira Adda. Ta zo da mataji soke a kanta, da alama daga kan wata ta taso. Aka sa na cire ɗankwali. Da ta ga kaina sai idonta ya kawo ruwa, ni kuma na ce a raina ga munafunci. Wata tsohuwa ta tambaye ta ko gaskiya ne ta ƙona gashi a murhun gidan nan. Ta ce gaskiya ne. Tsakar gida ta ɗauki salati. Aka ce gashin yarinyar nan ne ta ƙona? Ta dube ni, sannan ta ce ba na yarinyar nan ba ne. Aka ce to na wane ne? Ta sake dubana, irin duban da har yau in na rufe ido ina ganinsa, ta ce a tambaye ni. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce ban san abin da take nufi ba. A raina har ina jin haushi, wai ba nawa ba ne, da kuɗin wa aka saya? Aka juya aka juya, Adda ba ta ƙara ko kalma ba. Sai wata ta ce to ai magana ta fito, in ba na wannan ba ne, ashe har da gashin wasu take yawo a bakin zani. Nan take kowace mace a wurin ta kai hannu ta dafe kanta.

Ba a doke ta ba, ba a kai ta gaban mai unguwa ba. Abin da aka yi mata ya fi haka. Daga ranar babu macen da ta sake sa kai tsakanin gwiwoyinta. Wadda ta bari da rabin kitso ma wata ta ƙarasa mata. Kowa ta shiga tuno nata: wadda ta yi ɓari ta tuna Adda ce ta yi mata kitso a watan, wadda mijinta ya canza mata ta tuna, har mai amosanin ka ta samu wanda za ta ɗora wa. 'Ya'yanta in sun fito ɗiban ruwa sai a janye yara daga kusa da su. Ta gwada sarin nono tana sayarwa, ba mai saye a unguwarmu. Kafin ruwan farko ta kwashe marayunta ta koma wajen yayanta a wani ƙauye ta gefen Nariya. Ni kuma ana ta yi mini rubutu da hayaƙi da wanke kai da saiwoyi, Hajiya tana ta kashe kuɗinta, gyambo yana warkewa a nan yana ɓullowa a can. Maigidana ya dawo ya tarar da zance ya riga ya zauna, shi ma ya hau.

Abin da ya tone ni ba wani malami ba ne, itace ne jiƙaƙƙe. Wata rana da hantsi, damina ta yi nisa, maigidana ya ce zai ɗauko wani abu a adakata in ya dawo daga gona. Hankalina ya tashi, na tuna ledar nan. Hajiya ta shiga maƙwabta barka, na ce bari in rabu da shi kowa ya huta. Ina fama da wuta ta ƙi kamawa, sai na cusa gashin a murhu. Ai kuwa ya kama fuu, ya ƙanƙance, ya narke yana ɗiga, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, wari irin na tsohon takalmin roba ya cika gida. Da ya huce ya dunƙule ya yi tauri kamar kwalta, ya manne a jikin dutsen murhu. Na tsaya ina kallo. Ni 'yar gidan da ake babbakar kai da ƙafa ce duk Babbar Sallah, na san ƙaurin gashi, na san yadda yake murmushewa ya zama toka. Na kai hannu ƙeya na tsinko silin nawa na ɗora a garwashi. Ya yi ƙauri irin na babbaka, na taɓa shi ya zama gari. Sai ga ni tsugune a bakin murhu, na juya wa ƙofa baya, ina shaƙar hayaƙi, ina taɓawa da tsinke, ina girgiza kai ina magana ni kaɗai. Daidai yadda na ga Adda. Na zauna a cikin toka. Ashe gwadawa take yi. Ashe tun ranar ta gane roba aka sayar mini a kuɗin tunkiya, ta rasa yadda za ta ce mini ƙanwar mijina ta cuce ni ba tare da ta shiga tsakanin dangi ba. Kuma da ta ce ba nawa ba ne, gaskiya tsagwaronta ta faɗa, iyakar abin da rantsuwar da na ɗora mata ta bar ta ta faɗa ke nan.

A ranar na faɗa wa maigidana da Hajiya komai. Shi ya yi kwana da kwanaki ba ya cin tuwona, daga baya ya kai ni asibiti a Rano. Ma'aikaciyar da ta duba ni tambayar farko da ta yi ita ce ko na yi ƙarin gashi na bar shi ya daɗe. Ta ce nauyi da gumi da rinin da ke jikin irin wannan su suka cinye fatar, za a kashe gyambon, amma inda ya riga ya yi tabo kada in sa rai. Na kira ƙanwar mijina a waya, ta rantse da abin da zai kashe ta ita ma haka aka ce mata a inda ta saro. Wataƙila gaskiya ne. Amma na tambaye ta me ya sa ita ba ta taɓa sa shi a kanta ba, me ya sa kuma da ta ji abin da ake yi wa Adda ta yi gum, alhali ita kaɗai ce bayan mu biyu ta san gaskiya. Sai ta ce ba ta jina sosai, ta kashe. Har yau muna gaisawa, har yau ban san ko ta sani ba. Hajiya kuwa cewa ta yi a bar kaza cikin gashinta, tonawa zubar da mutuncin gida ne. Ban bi ta ba. A wani taron suna na miƙe a gaban mata na cire ɗankwali na faɗi abin da na yi tun daga tunkiya har murhu. Wasu suka yi salati suka ce Allah ya yafe mana. Wasu kuwa, ina ji da kunnena, suka ce ai shi ke nan, Bafulatanar ta gama da ita, ta juya mata kai har tana wanke ta da bakinta. A nan na gane magana zarar bunu ce.

Bayan an yi girbi na hau mashin na nemi ƙauyen. Na same ta a gindin bishiya tana sussukar dawar mutane, ana biyanta da mudu. Ta rame, hannayen nan masu laushi duk sun yi kanta. Na durƙusa ina kuka ina neman gafara. Ta bar ni na gama, ta ce ƙanwata, ta yafe tun ranar, Allah ma muna yi masa laifi ya yafe. Na ce don me ba ta tona ni ba a gaban matan nan? Ta ce ai na sa ta rantse. Na ce to ta dawo Kibiya, ni zan fara zama a ƙofar gida ta yi mini kitso kowa yana gani, in an ga na ba ta kaina sauran za su biyo. Ta ɗan yi murmushi ta ce in cire ɗankwalin ta gani. Na cire. Ta bi gaban kaina da yatsunta a hankali, inda ya yi sumul kamar bayan ƙwarya, ta ce babu abin kamawa a nan. Hanyar da ta rage mini in wanke ta ke nan, ita ma na ƙone ta da hannuna. Duk da haka ta ce in zauna. Ta shiga ta ɗauko tsohon matajinta, ta kama ɗan abin da ya saura a ƙeya ta yi mini guda biyu ƙanana. Ba ta yi waƙar nan tata ba. Da ta gama ta tsince abin da ya zuba, har na jikin mataji, ta murza, ta kamo hannuna ta sa mini a tafi, ta naɗe yatsuna a kai. Sannan ta ce in buɗe in duba da kyau kafin in tafi, ko akwai wanda ya ɓata.

Adda ba ta dawo ba. Nakan aika mata da ɗinkin yara in Sallah ta zo, tana karɓa tana godiya, amma kitso ta bar shi har abada. Ni kuma goshina yana nan yadda yake, ɗankwalin da nake ɗaurawa don kunyar ɗan gashi yanzu ina ɗaura shi don babu. In aka tambaye ni nawa na sayi gashin nan, da cewa nake tunkiya guda. Yanzu na san tunkiyar ita ce mafi araha a cikin abin da na biya, kuma mafi tsadar ba ni ce na biya ba, wata baiwar Allah ce da marayunta.

'Yan'uwana mata, ni ba malama ba ce, hukuncin ƙarin gashi ku tambayi masana, sun faɗa kuma na ji na take. Abin da na sani shi zan faɗa. Duk kayan da mai sayarwa ba ta da wata shaida a kansa sai tsadarsa, ku ji tsoronsa, musamman in ta ce kada a gaya wa kowa. In har kin riga kin saya, ki zari sili ɗaya ki ɗora a wuta tun bai hau kanki ba, hancinki zai faɗa miki gaskiya. In kai ya fara ƙaiƙayi da ƙuraje ki cire, kada ki tsaya jin ciwon kuɗinki. Abin da ya fi duka kuwa, in wata cuta ta same ki, kafin ki ce hannun wance ne, ki fara buɗe ƙasan adakarki ki ga abin da ke kanki kika ɓoye. Ni na zargi wadda ta riƙe mini amana, na yarda da ledar da ke ƙyalli. Duk wadda ta karanta wannan, ina roƙonta ta sa Adda a addu'a kafin ta sa ni.